Warƙoƙin Ayuba a Cikin Waya

Abin da ya kai ni ga karanta littattafan Bani Isra'ila wata tambaya ce da ta daɗe tana damuna a zaurena na Karaye. Duk lokacin da muka zo kan ƙissoshin annabawa, mai tafsiri zai kawo labari mai tsawo, da sunan gari da adadin shekaru, sannan ya ce an karɓo shi daga ma'abota littafi. Na yi shekara wajen talatin ina fassara wa mutane wannan magana, ban taɓa ganin inda aka karɓo ɗin ba. Malamanmu sun koya mana kada mu yi gaggawar gaskata irin waɗannan labarai, kada kuma mu yi gaggawar ƙaryata su. Na riƙe wannan, har gobe kuma a kansa nake. Ina dai so in ga abin da nake kame bakina a kansa.

Wani mai sayar da tsofaffin littattafai a birni ne ya samo mini fassarar Larabci ta littattafan Yahudawa a dunƙule, Attaura da littattafan annabawansu da Zabura da sauransu, da ƙananan haruffa masu gajiyar da ido. Na naɗe shi a ƙyalle na ware masa wuri daban. Da hantsi, idan masu ɗaukar karatu sun watse, sai in buɗe in karanta shafi ɗaya ko biyu, in rubuta abin da na fahimta da abin da ya saɓa wa namu da abin da ya dace.

Yadda aka koya mini rubutu haka na yi. Takarda warƙa-warƙa, ba ɗinki, alƙalamin kara, tawadar da nake dafawa da kaina, Hausa da ajami. Mu ba ma sa wa warƙa lamba. Idan ka cika ta, sai ka sauko can ƙasa ta gefen hagu, nesa da sauran rubutu, ka rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye. Ko iska ta watsa maka littafi a tsakar gida, da wannan kalma ɗaya za ka tsince shi ka jera. Littafin da nake karantawa kuwa cike yake da lambobi, kowane babi da tasa, kowace aya da tata, amma ban taɓa kwafe ko ɗaya ba. Wanda ya tashi da hadda ba a tambayarsa aya ta nawa, baki ake ja masa ya ɗora. Sai na riƙa rubuta "a nan", ko "a inda ya ambaci rijiya", kamar littafin yana kaina. Alhali ba ya kaina.

Mutum ɗaya ne ya san ina wannan karatu, ɗan goggona da ke Zoza, a ƙasar Rogo. Ubansa Bafillace ne mai shanu, amma a zaure ɗaya muka yi allo, ya kuma fi ni nisa, don shi alaramma ne, ya rubuta Alƙur'ani da ka. Taubashina ne, saboda haka tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne. A shekara guda ciwo ya shiga garkensa ya share, idonsa kuma ya rufe. Tun daga nan nakan hau babur duk bayan mako biyu in je, da warƙa goma ko sha biyar a aljihun riga, in karanta masa.

Da ya ji sallamata sai ya ce, "A shimfiɗa buzu, limamin Yahudawan Karaye ya iso."

In ce, "Bawa ba ya gaida ubangidansa a zaune."

"Ubangidan da ya zo a bayan ɗan acaɓa? Zauna ka karanto mana abin da ka tsinto."

Yakan saurara da kai a sunkuye. Wani wuri ya ce, "Wannan ya yi kama da namu." Wani wuri ya ce, "Subhanallahi, wuce nan." Idan na dawo gida sai in ɗora warƙoƙin a saman sauran cikin gafaka, ban damu da mayar da kowace mazauninta ba. Me zai dame ni, kalmar ƙasa tana nan? Haka muka yi shekara bakwai, har warƙoƙin suka haura ɗari huɗu, a cakuɗe kamar hatsin da aka zuba a buhu ɗaya.

Sai wani abu ya faru da ya tsorata ni. Akwai wani tela, dattijo mai son karatu, da ke ɗaukar darasi a wurina. Ya ari wani juzu'in tafsiri, ashe na manta da warƙa ɗaya a ciki, wadda na sa don alamar inda na tsaya. Ya karanta, ta burge shi. Ranar wata walimar suna aka ce ya yi wa mutane nasiha, sai ya kawo abin da ke cikinta, ya ce ya zo a tafsiri, da hannun Malam ma ya gani. Da labarin ya iso ni na kira shi na warware masa, ya yi ta istigfari, amma maganar ta riga ta shiga kunnuwa. Na zauna na yi tunani. Ina raye ke nan. Ranar da na mutu fa, aka buɗe gafaka aka ga ajamina, da tawadar da na rubuta fiƙihu da ita, wa zai tsaya ya bambance? Za a raba wa masu karatu a matsayin gadon Malam, a riƙa karantarwa, alhakin yana bina har kabari.

'Yata ta fari tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Rogo, takan zo mana ranar Asabar. Ita na faɗa wa damuwata. Ta ce, "Baba, ai wannan mai sauƙi ne. Kawo wayarka."

Ta saka mini wata manhaja ta ajiye rubutu, ta sa mata lambar sirri. Ta ce kowace warƙa in ɗauke ta hoto, hoton ya zama shafi guda a ciki. Sannan in ba shafin suna, in sa masa alama, wannan na Annabi Musa, wannan na Annabi Dawuda, in kuma rubuta lambar babin da yake magana a kai. Ta ce idan na yi haka, ko shekara goma aka yi, kalma ɗaya zan buga ya fito.

Ta ɗauki uku don in gani. Ta ɗaga wayar sama sosai, har tabarma ta fito a hoton. Na duba na ce, "Wannan ai tururuwa kika ɗauko mini, ba na ganin komai."

"Baba, da yatsa biyu ake buɗawa, ya ƙara girma."

"Ni da yatsa uku na saba riƙe alƙalami. Bar ni in matso da ita."

Ta yi dariya ta ce in yi yadda ya fi mini, amma don Allah kada in bar sunayen. Na ce daga baya. A raina na ce in gama ɗauka tukuna, in jera su a cikin wayar yadda nake jera su a kan buzu, sannan in bi su da suna a tsanake.

Hantsi tara na yi ina wannan aiki a inuwar darbejiyar tsakar gida. In zaro warƙa yadda ta zo, in kwantar, in matso da waya har layin farko ya taɓa saman gilashi, layin ƙarshe ya taɓa ƙasansa, in danna. Kowane hoto sai na duba shi, na tabbatar kowane wasali ya fito. Allah ya sani ban yi ha'inci a duban nan ba. Amma abin da na duba shi ne rubutu, ita kuwa kalmar ƙasa marubuci ba ya lissafa ta cikin rubutu. Ido ba ya nemanta sai ya kai ƙarshe yana son wucewa gaba, ni kuma a lokacin ba karatu nake ba.

Rana ta goma na sayi sabon kasko. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah da na annabawansa ba a jefa ta a juji. Na yi alwala, na zauna a bayan gida, na riƙa sa su kaɗan-kaɗan suna ci. Na tattara tokar na haƙa rami a gefen garka, inda ba a takawa, na binne. Na tashi da sauƙi a ƙirjina irin wanda na daɗe ban ji ba. Ban gaya wa 'yata ba, don a ganina aikin ya ƙare.

Damina ta sauka, aikin gona ya ɗauke ni, hanyar Zoza ma ta ɓaci, na yi wajen wata biyu ban je ba. Sai matar alaramma ta kira ni. Ta ce ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya fita ko masallaci, abinci sai an matsa masa. Ta ce, "Ya ce in gaya maka, in za ka zo ka taho masa da Ayuba."

Na san abin da yake nufi. A shekarar da ya rasa shanu da ido ne na kai littafin da Yahudawa suka rubuta a kan Annabi Ayuba, na yi warƙa wajen talatin a kansa. Mu haƙurinsa muka sani. Su a nasu sun kawo doguwar muhawara tsakaninsa da abokansa uku, da maganganun da ban yarda in jingina wa Annabin Allah ba, na dai rubuta cewa haka na gani. Waɗannan warƙoƙi ya fi so a cikin duka.

Na zauna na buɗe manhajar. Shafi sama da ɗari huɗu, kowanne ba suna, sai ɗan ƙaramin hoto. Na yi ta buɗewa ina rufewa har na dace da warƙar farko ta Ayuba. Na karanta ta har ƙasa, idona ya gangara gefen hagu da kansa. Babu komai a wurin sai baƙin gefen waya. Na sa yatsa na ja hoton sama, ya motsa kaɗan ya dawo. Na sake ja. Na buɗe wani, haka. Na buɗe wajen ashirin. Banda ukun da 'yata ta ɗauka, babu hoton da kalmar ƙasa ta fito a cikinsa.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Uwargidana ta leƙo ta ce an kira azahar, na ce na ji, ban tashi ba sai da ta sake magana.

Ranar Asabar 'yata ta zo na miƙa mata wayar. Ta ce, "Ba komai, Baba, sai mu sake ɗauka. Ina takardun?"

Na ce, "Suna gefen garka."

"A gefen garka kuma? Cikin ruwan nan?"

"Na ƙone su. Tokar ce a can."

Ta dube ni. Tarbiyya ta hana ta faɗin abin da ya zo mata, ni kuwa da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Can ta ce, "Innalillahi. To bari mu gani."

Ta gwada wurin nema, inda ake buga kalma. Ta ce manhajar tana iya karanta rubutun boko a cikin hoto, wani lokaci har da Larabcin inji, amma ajamin hannuna zane kawai take gani. Ta jera su bisa lokacin da aka ɗauka, suka fito a jere, amma jerin gafaka ne, Annabi Nuhu kusa da Annabi Sulaimanu, rabin Ayuba a nan, rabi a can. Ta ce ko launin tawada zai taimaka. Na ce tawada ɗaya nake dafawa tun kafin a haife ta. Ta ce to lambar babi fa, ko a warƙa ɗaya ban rubuta ba? Na ce ko a ɗaya.

Dabarar da ta rage ita ce in karanta mata kalmomin farko da na ƙarshe na kowace warƙa, ita kuma ta buga su da boko a matsayin suna, don ita tana karanta Alƙur'ani sarai amma hannuna na ajami ya fi ƙarfinta. Muka yi Asabar da Lahadi muka gama arba'in. A nan na ga girman abin. Warƙa takan ƙare a tsakiyar magana, waɗanda za su iya biyo ta kuma sun kai goma, wannan ta fara da "sai", wannan da "amma", wannan da "domin". Duk hannuna ne, duk irin maganata ce, kowace ka ɗora sai ta zauna kamar ita ce.

Ban jira mun gama ba, don an sake kira daga Zoza. Na tsinci sha tara da na tabbata na Ayuba ne, 'yata ta tara mini su wuri guda, na hau babur. Sau biyu muna sauka muna tura shi a taɓo.

Na same shi kwance a ɗaki, an jingina shi da filo. Ya rame har na ji tsoro, amma da ya ji muryata sai ya ce, "Wa ya bar bawan nan ya shigo har ɗaka da takalmi?"

"Na cire tun a zaure, makaho sarkin zargi."

"Ban ji ƙarar takarda ba. Ina Ayuban?"

Na gaya masa duka, ban rage ba. Sai ya fara dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa ta kawo ruwa. Ya ce, "Shekara sittin ana koya maka rubutu, ka yanke wa littafinka ƙafafu da hannunka. Karanto abin da ya saura."

Na karanta ta farko. Da na kai ƙarshe na tsaya, sai ya faɗi kalmar da ke biye, haka kawai, kamar ana ja masa baki. Na bi sha taran nan na same ta. Murna ta kama ni. Ta biyu ma ya kawo. A ta uku ya ce, "Nan kam ban riƙe ba, wannan ba Alƙur'ani ba ne, surutunka ne. Tsallake. Kai ni inda abokansa suka zo."

Wannan warƙar tana cikin waɗanda na samu. A cikinta na rubuta yadda littafin ya ce abokan nan uku sun zo sun zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, da suka buɗe baki kuma sai suka shiga nema masa laifin da ya jawo masa jarrabawa. Sannan na sauko kan kaina. Layin ƙarshe yana cewa: "Ni kuwa da na karanta wannan sai na tuna ranar da na je Zoza bayan garke ya ƙare, na cika ɗan'uwana da wa'azi, alhali abin da ya kamace ni a ranar shi ne"

A nan ta tsaya.

Ya ce, "Ɗora. Saboda wannan na aika."

Na bi sauran sha takwas, babu wadda ta dace. Na koma cikin sauran ɗari huɗun, ina buɗewa ina rufewa, gilashin yana shan zufar yatsana. Yana kwance yana jira, ina jin numfashinsa. Na karanto masa farkon wata, ya ce ba ita ba ce. Na karanto wata, ya ce wannan ai maganar Annabi Yunusa ce. Aka yi la'asar, na yi salla a gefensa, shi ya yi a kwance, na koma nema.

Daga ƙarshe na yi abin da nake jin kunyarsa har yau. Na tsayar da idona a kan wata warƙa da ba ta da alaƙa, na gyara murya kamar mai karatu, na ce, "shi ne in zauna kusa da shi in yi shiru, kamar yadda suka yi a kwana bakwai na farko."

Ya juyo da fuskarsa wajena. Ya ce, "Kai, ɗan kawu. Makaho ne ni, ba kurma ba. Muryar karatunka daban, muryar ƙaryarka daban."

Na ce, "Ai ma'anar ke nan."

"Ba ita ba ce. Wannan kowa zai iya faɗa. Abin da ka rubuta wani abu ne dabam. Ranar da ka karanta mini na yi maka dariya, na ce Yahudawa sun koya maka hankali. Da ka tafi na sa aka fitar da ni bayan gari, inda garken yake da, na zauna na yi kukan da ban yi ba tun da abin ya faru."

"To me na ce?"

"Da na riƙe zan sa a taso ka daga Karaye cikin taɓo? Kai da ka rubuta fa?"

Na rufe ido na nema a kaina. Na tuna ranar da na rubuta ta, na tuna har inda nake zaune da kazar da ta kusa kifar mini da tawada. Maganar ce kawai babu. Na ce masa ban sani ba.

Ya ce, "To Allah ya sa tana cikin wayar. Je ka nema, in ka samu ka kira, a kara mini a kunne."

Na koma gida na duƙufa. 'Yata ta riƙa zuwa duk mako maimakon ta huta, muna yi wa shafuka suna. Sau huɗu ina kiran Zoza, matarsa ta kara masa waya, in karanta farkon wata warƙa, ya ce a'a. A kira na biyar ta ce ba ya gane magana sosai. Ya rasu ana fara yankan gero. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Mun gama sunayen bayan rasuwarsa da wata uku. Yanzu kowane shafi yana da suna, da yawa kuma na gano babin da suke magana a kai na sa musu lamba, ko da yake fiye da rabi har yau ban san gabansu da bayansu ba. A cikin duka, warƙa uku ne na ga za su iya biyo waccan. Ɗaya ta fara da "in roƙe shi gafara", ɗaya da "in tambaye shi sunayen shanun ɗaya bayan ɗaya", ɗaya kuma da "in kwana". Kowace na ɗora sai ta zauna, kowace kuma in na ci gaba da karanta ta sai ta bi wata hanya da ba ta tabbatar mini da komai ba. Yana yiwuwa ma ba ko ɗaya, wataƙila waccan warƙar ta manne da wata a ranar ɗauka, ta tafi kasko ba hoto.

'Yata ta tambaye ni wace alama za ta sa wa ukun nan. Na ce ta tara su wuri guda ta rubuta "wataƙila". Nakan buɗe su wani hantsin in karanta a bayyane, ɗaya bayan ɗaya, ko kunnena zai gane abin da idona ya kasa. Wanda zai ce mini wannan ce, ko ba ita ba ce, yana maƙabartar Zoza.